Sana'ar katin gaisuwa a ƙasar Hausa: tambayoyi da amsoshi kan suna, tambari da neman masu saye

Tun da na fara yin kati a Kano, da wuya mako ya wuce ban samu wadda ta tambaye ni yadda ake shiga sana'ar ba. Tambayoyin kan maimaitu, shi ya sa na tattara su wuri guda. Mafi yawan masu tambaya mata ne, don haka da "ke" zan yi magana, maza su ɗauki nasu a ciki.

Wa zai sayi kati a garin da ake gaisuwa da ƙafa, ga kuma WhatsApp a hannun kowa?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata ki zauna da ita kafin ki kashe ko sisi. Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, kuma da gaske yake. Idan aka yi haihuwa zuwa barka ake yi, idan aka yi rasuwa zuwa gaisuwa ake yi, ranar Sallah kuwa gida-gida ake bi. Wanda ya aika takarda ya zauna a gida, an san abin da dangi za su ce a kansa.

Katin Kirsimeti na sayarwa a Ingila ya samo asali. A shekarar 1843 wani Bature mai suna Henry Cole ya sa aka buga masa katin Kirsimeti guda 1,000 a Landan, aka sayar da kowanne sule ɗaya. Ya yi haka ne a ƙasar da mutane suka saba gaisawa ta gidan waya, wasiƙu sun yi masa yawa, yana neman sauƙi. Mu ba haka al'adarmu ta ginu ba, kuma duk wadda ta kwaso tsarin can ta dasa a Kano ko Zariya ko Maraɗi kamar yadda yake, za ta tara kwalaye a ƙarƙashin gado.

Abin da na gani da idona shi ne, a wurinmu kati ɗan rakiya ne. Yana bin kyauta, yana bin ziyara. Matar da za ta je barka da turmin atamfa da kayan jariri tana son ɗan kati da za a san daga wa kayan suka fito, domin a gidan suna kaya kan cakuɗe. Saurayin da zai aika kayan shan ruwa gidan surukai a watan azumi yana son abin da zai sa kwandon ya fita daban. Kamfani ko makaranta da ke raba shinkafa da mai ga ma'aikata kafin Sallah suna son sunansu a jiki. Uwar amarya tana son katin godiya da za a liƙa a kayan rabo. Kawun da ke raba wa yara goron Sallah yana son ambulan mai kyau. Waɗannan su ne masu sayenki. Idan kin fahimci haka, sauran shawarwarin da ke ƙasa, daga girman katin har inda za ki kai talla, duk daga nan suke fitowa.

To da wane irin kati zan fara?

Ki zaɓi biyu ko uku, ki ƙware a kansu. Ni da ambulan na goron Sallah da katin barka da haihuwa na fara, sai daga baya katin godiya na biki ya zo ya fi su kawo kuɗi. Akwai kuma na saukar Alƙur'ani, na kammala karatu, na sannu da zuwa ga alhazai, da na Kirsimeti da Ista, domin Kiristoci masu jin Hausa suna da yawa a Kaduna, Filato, Bauci, Gombe da Adamawa, kuma ba kasafai suke samun kati da harshen da suke addu'a da shi ba.

Ambulan na kuɗi yana da wani dalili na daban. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya hana wulaƙanta naira, har da yin liƙi da ita a wurin biki, kuma hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Tun da aka fara ɗaukar dokar da zafi, mutane da dama sun fi son miƙa gudunmawarsu a rufe. Ambulan mai ɗauke da addu'a da wurin rubuta suna yana biyan wannan buƙata.

Katin ta'aziyya ne kaɗai ba na ba da shawarar a fara da shi. Ofisoshi kan nema jefi-jefi, amma a cikin gidaje mutane na ganinsa kamar gudun zuwa gaisuwa.

Wane suna zan sa wa sana'ar? Na Hausa ko na Turanci?

Ki gwada sunan a baki kafin ki gwada shi a takarda. Yawancin cinikinki ta bakin mutane zai zo: wata ta ga kati a gidan suna, ta tambayi inda aka yi, a faɗa mata suna ana cikin hayaniya. Idan sunan mai tsawo ne, ko sai an rubuta kafin a gane shi, kin yi asarar wannan cinikin. Ki faɗa wa kakarki ko wata dattijuwa sunan sau ɗaya, ki dawo bayan kwana biyu ki tambaye ta. Idan ta tuna, sunan ya yi.

Ni ina goyon bayan sunan Hausa, kuma ba don kishin harshe kaɗai ba. Shafukan Instagram cike suke da sana'o'i masu sunayen Turanci iri ɗaya, har mutum ya rasa wace ce wace. Kalma ɗaya ta Hausa mai daɗin faɗi, wadda ta shafi zumunci ko alheri ko farin ciki, tana tsayawa a zuciya. Amma ki kula da abu biyu. Na farko, kada ki ɗaure kanki da sunan da ya taƙaita ki, kamar wanda ya ambaci Sallah ko amarya kaɗai, domin wata rana za ki so yin katin makaranta. Na biyu, idan akwai harafi mai lanƙwasa a sunan, ki duba yadda zai karantu idan lanƙwasar ta faɗi, domin adireshin Instagram da na imel ba sa karɓar ƙ da ɗ da ɓ.

Sa sunanki ko na 'yarki a sana'a al'ada ce, kuma tana da amfani: mutane sun fi yarda da abin da suka san mai shi. Illarta ita ce masu irin sunan suna da yawa, kuma idan sana'ar ta girma kika so haɗa gwiwa da wani ko sayar da ita, sunan zai zame miki ƙarfen ƙafa.

Kafin ki buga komai, ki bincika sunan a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ki kuma duba ko akwai mai amfani da shi a Facebook, Instagram da TikTok. Ki tanadi suna na biyu ko da za a ƙi na farko. Idan hukumar ta amince, tana riƙe miki sunan kwana 60 kafin ki kammala rajista. Akwai kalmomin da ba a yarda a sa ba sai da izini na musamman, irin waɗanda ke nuna kamar gwamnati ce ke da sana'ar.

Dole ne in yi rajista tun farko?

Kina iya gwada kasuwa da kati ashirin ko talatin tsakanin 'yan'uwa da maƙwabta. Amma ranar da makaranta ko kamfani suka ce ki kawo takardar farashi, za su nemi asusun banki mai sunan sana'a, banki kuwa ba zai buɗe miki ba sai da takardar CAC. Su ne kuma masu sayen ɗari biyu a lokaci guda. Rajistar sunan kasuwanci ta ishe ki a farko, ba sai kin kafa cikakken kamfani ba. Ki tuna akwai bayanin shekara-shekara da ake miƙa wa hukumar.

Mutane da yawa suna zaton rajistar CAC ta kare musu tambari. Ba haka ba ne. Rajistar alamar kasuwanci wani ofishi ne daban a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. A can rukuni-rukuni ake raba kaya, kuma kayan takarda da abin da aka buga, har da katin gaisuwa, suna rukuni na 16. Rajistar farko shekara 7 take yi, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Ba na ganin wannan abin gaggawa ne a shekarar farko, sai dai idan sunan ya fara tashe.

Yaya tambari ya kamata ya kasance, kuma a ina zan sa shi?

Mai sauƙi, wanda zai fito ko da launi ɗaya, kuma a gane shi ko an ƙanƙanta shi ya koma kamar ƙwayar gyaɗa. Ki gwada sa a yi miki hatimin roba da shi. Idan hatimin ya fito tsaf, tambarin ya yi. Idan ya dagule, zanen ya yi yawa.

Wurinsa bayan kati ne, a ƙasa, tare da lambar waya. Gaban kati na mai bayarwa ne da mai karɓa, bai kamata ki shiga tsakaninsu ba. Kamfanin Hallmark na Amurka, wanda Joyce Hall ya fara a birnin Kansas a 1910, tun shekarun 1920 yake buga sunansa a bayan kowane kati, har mutane suka saba juya kati su ga wanda ya yi shi. Wannan dabara ɗaya ce daga cikin 'yan kaɗan da na ga ta dace da mu ba tare da gyara ba. A gidan biki kati ɗaya yakan bi hannu goma, kuma duk wadda ya burge za ta juya bayansa.

Ta yaya katina zai bambanta da na kasuwa?

Ki duba abin da ke kewaye da ke. Katunan da ake shigowa da su cike suke da wardi da balan-balan da dusar ƙanƙara, abubuwan da ba su da alaƙa da tsakar gidanmu. Mu kuwa muna da zanen da magina ke yi a fuskar soraye a Kano da Zariya, da aikin allura na babbar riga irin aska takwas da aska biyu, da shuɗin baba na marinar Ƙofar Mata, da zanen lalle, da saƙar faifai da tabarma, da sassaƙar ƙwarya, da adon dawakin hawan Sallah, da zayyanar da ake yi wa allon sauka. Dagin Arewa ma yana nan, sai dai an yi amfani da shi har ya gaji, don haka idan za ki sa shi ki nemo masa sabuwar fuska.

Kada ki kwashe su duka ki zuba a kati ɗaya. Ki ɗauki hanya guda, da launi biyu ko uku, ki tsaya a kansu har mutum ya hango katinki daga nesa ya ce na wance ne. Wannan sanin daga nesa shi ne ainihin tambarinki, ya fi ɗan zanen da ke baya ƙarfi. Kuma ki sani da yawa daga masu sayenki ba sa son hoton mutum ko dabba a abin da za su ajiye a ɗaki, don haka zanen ado da kyakkyawan rubutu sun fi shiga ko'ina.

Da wane harshe zan rubuta saƙon ciki?

A nan ne sana'ar take rayuwa ko ta mutu, kuma a nan na fi ganin sakaci. Mutum ya ɗauko jimlar Turanci ya juya ta Hausa kalma-kalma, sai ta fito ba gishiri, babu wanda ya taɓa faɗa wa ɗan'uwansa irinta. Alhali muna da abin da muke faɗa tun kaka da kakanni. Ga mai jego: barka da arziki, Allah ya raya, Allah ya ba uwa lafiyar shayarwa. Ga amarya da ango: Allah ya ba da zaman lafiya, ya kawo ƙazantar ɗaki. Ga alhaji: Allah ya sa karɓaɓɓe ne. Ranar Sallah: Allah ya maimaita mana. Ki zauna kusa da tsofaffi a gidan suna da ɗan littafinki, za ki tashi da saƙonnin shekara guda.

Ki kuma lura da wanda zai ba wa. Abin da ƙawa za ta rubuta wa ƙawarta daban yake da abin da suruka za ta miƙa wa uwar mijinta. Na manya da "ku" ake yi, a taƙaice, da addu'a. Ki bar fili a ciki domin mai saye ya ƙara nasa da hannunsa.

Sai batun haruffa masu lanƙwasa, wanda nake roƙon ki ɗauke shi da muhimmanci. "An samu ƙaruwa" albishir ne na haihuwa. Idan lanƙwasar ƙ ta faɗi, kalmar ta koma abin da ba za ki so ya shiga gidan mai jego da sunanki a bayansa ba. Haka baƙi da baki, ƙafa da kafa, ɓata da bata. Yawancin salon rubutu masu ado da ke cikin manhajojin zane ba su da waɗannan haruffa. Andika, Charis, Gentium da jerin Noto suna da su. Na taɓa kai aikin kati 150 wata maɗaba'a, kwamfutarsu ba ta da salon rubutun da na yi amfani da shi, duk inda ƙ da ɗ suke sai ɗan akwati ya fito, kuma ban gani ba sai da aka yanke. Tun daga ranar nake mayar da rubutu ya zama zane kafin in aika, in tura shi a PDF, kuma ba na yarda a buga sauran sai na riƙe gwajin farko a hannuna na karanta.

Idan kina sayarwa a Nijar, ki tuna can ana rubuta ƴ a inda mu muke rubuta 'y, kuma Faransanci ne harshe na biyu a katin, ba Turanci ba. Ajami kuma yana da masoya, musamman a katin sauka da na dattawa, amma ki ba wanda ya iya shi sosai ya rubuta miki.

Zan iya sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah da Larabci?

Masu saye za su nema, amma ki yi tunanin inda katin zai ƙare. Katin gayyata da na kayan rabo, bayan biki a ƙasa ake tsintar su, a share su da shara. Malamai da dama sun yi gargaɗi a kan haka, kuma ni na daina sa aya a duk abin da ake rabawa da yawa. Addu'a da Hausa ta wadatar. A katin sauka, wanda ake sa wa a firam a rataye, nakan sa idan an nema, bayan malami ya duba kowane wasali. Idan kin bayyana wa mai saye dalilinki cikin ladabi, yawanci ƙara yarda da ke yake yi.

In sayi injin bugu ko in riƙa kaiwa maɗaba'a?

Ki fara da maɗaba'a. Injin gida yana cin tawada, yana wahala da takarda mai kauri, ga matsalar wuta. Bugun da masu maɗaba'a ke kira DI ya dace da ƙaramin aiki domin ana iya buga ko guda ashirin. Babban injin da ake yi wa faranti sai aiki ya kai ɗaruruwa da yawa yake yin araha. Masu manyan ayyuka har Shomolu ta Legas suke aikawa, amma ke a farko wanda za ki iya zuwa ki tsaya a kansa ya fi miki.

Ga abin da za ki riƙe idan kin je. Takarda mai nauyin giram 300 zuwa 350 a kowane murabba'in mita, abin da masu maɗaba'a ke kira gsm, ita ce ke tsayawa da kanta. Ƙasa da 250 kati kan yi laushi kamar takardar talla. Kati mai girman A6, wato milimita 105 da 148 bayan an ninke, yana shiga ambulan C6 daidai, kuma guda huɗu ake samu a babban falle ɗaya na SRA3. Tsayawa a wannan girman yana rage asarar takarda da wahalar neman ambulan. Ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Ki yi zanen a tsarin launi na CMYK, wanda injin bugu ke aiki da shi, domin launin da ke haske a fuskar waya yakan dushe a takarda, musamman shuɗi da kore. Ki ce a tsaga layin ninki da inji kafin a ninke, in ba haka ba takarda mai kauri za ta fashe a gaɓa. Kuma kada a liƙa leda, wato laminating, a fuskar ciki ta katin, biro ba ya kama ta.

Yaya zan yanke farashi?

Ki rubuta komai, har abin da kike ganin bai kai a rubuta ba. Ga misali da lambobin da na ƙirƙira don lissafi kawai, ke ki sa na kasuwarki na yau. A ce kati 100: takarda da bugu 30,000, ambulan 10,000, leda da gam 5,000, kuɗin mota da data 5,000. Jimla 50,000, kowanne ya tashi 500. Amma goma za su lalace ko su zama samfurin da za ki nuna, saura 90, kowanne ya koma kusan 560. Ba a sa ladan zanenki da zaman ninki ba tukuna, kuma nan ne mata da yawa ke cutar kansu, su yi aikin dare uku su kira abin da ya rage riba.

Ki yanke farashi biyu tun farko, na ɗai-ɗai da na sari, yadda mai shago zai samu nasa ke ma ki tsira da naki. Idan kin fara da arha sosai don jan mutane, ranar da kika ƙara za su ce kin canza. Gara ki tsaya a farashin gaskiya ki riƙa yin ihsani: wanda ya sayi goma ki ƙara masa ɗaya. Mu mutane ne masu son gyara a ciniki, ya fi ragi daɗi a zuciya.

Duk aikin da za a sa sunan wani a kai, sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai biya takarda da bugu. Katin da aka buga da sunan amarya ba ya sayuwa ga kowa idan aka fasa. Ki tura hoton gwaji, mai aikin ya rubuto miki cewa ya duba sunaye da ranaku ya amince, ki ajiye saƙon.

A ina zan yi talla, alhali ba ni da kuɗin talla?

Wurin waɗanda kayansu ke buƙatar ɗan rakiya. Mai haɗa lefe, mai turaren wuta da humra, mai kek da cincin da dambun nama, mai kwandon azumi, mai shagon kayan jarirai, mai lalle da kwalliyar amare, shugabar Islamiyya da ke shirin walimar sauka. Ki je da ƙafarki, ki kai samfuri kyauta wanda aka yi da sunan sana'arta, ki yi mata farashin sari ko ki ba ta la'ada. Mace ɗaya mai haɗa lefe da ta yarda da ke ta fi mabiya dubu da ba su taɓa sayen komai ba.

Sai WhatsApp Business, wanda kyauta ne kuma yana da wurin jera kaya da farashi. Abin da kika ɗora a status awa 24 yake yi, don haka kullum ki sa wani abu, amma ba hoton kati a kwance kaɗai ba. Ki nuna shi a saman kwando, a hannun yaro ranar Sallah, ki nuna hannunki yana ninkewa. Saƙon da ake watsa wa mutane da yawa a lokaci guda ba ya isa sai ga waɗanda suka ajiye lambarki, saboda haka duk wadda ta saya ki roƙe ta ta ajiye. Hoto kuwa ki ɗauka da hasken safe kusa da taga.

Rediyo yana da ƙarfi a Arewa, amma kati abin gani ne, ban ga ya dace da ƙaramin jari ba. Biyan fitattun 'yan fim ko na TikTok ma haka, kuɗin ya fi ƙarfin mai farawa, kuma masu kallonsu ba lallai su ne masu sayenki ba. Kasuwar baje koli irin wadda ake yi a titin gidan zoo a Kano tana da amfani idan kun haɗu ku biyu ko uku kun raba kuɗin rumfa, musamman da mai turare ko mai kayan kyauta.

Yaushe zan fara shirin Sallah?

Da wuri fiye da yadda kike zato. Zanen Ƙaramar Sallah a watan Rajab ake gama shi, a buga a Sha'aban, domin kwandunan azumi tun farkon Ramadan suke fita, kuma a goman ƙarshe maɗaba'u cike suke, ma'aikata na azumi, aikinki zai bi layi. Shekarar Musulunci tana da kwana 354 ko 355, don haka Sallah na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Da kalandar Hijira za ki tsara aikinki.

Kada ki buga rana ko shekara a katin Sallah na sayarwa. Ranar sai an ga wata Sarkin Musulmi ya sanar, wani lokaci ma Nijar da Najeriya kan bambanta da kwana ɗaya. Katin da ba shi da kwanan wata, idan ya yi kwantai, ki adana shi a leda nesa da danshin damina, baɗi ki fito da shi. Idan kin rubuta "Barka da Sallah" kawai, ba tare da rago ko jinjirin wata ba, zai yi miki Sallah biyu.

Bukukuwan aure kan yi yawa kafin azumi, bayan Sallah, da hutun ƙarshen shekara. Suna kuwa ba shi da lokaci, kuma kwana bakwai kacal ke tsakanin haihuwa da suna, saboda haka katin barka ya zama kullum akwai shi a ƙasa. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, dama ce mai kyau ta nuna katunan karin magana.

Idan wani ya kwafi zanena fa? Ni kuma zan iya ɗauko hoto a intanet?

Za a kwafa, musamman idan ya karɓu. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare zanenki tun daga lokacin da kika yi shi, kuma akwai hukumar da ke kula da wannan, amma shari'a ta fi ƙarfin ƙaramar sana'a. Abin da ke hannunki shi ne ki sa tambari a tsakiyar hoton da kike ɗorawa, kada ki tura wa kowa ainihin fayil ɗin bugu, ki ajiye zanen farko da kwanan wata, ki kuma yi magana da wanda ya kwafa cikin mutunci, domin wasu ba su san laifi ba ne. Sannan ki ci gaba da fito da sabo.

Dokar da ta kare ki ita ce ta kare wasu. Hoton da kika gani a shafin hotuna na Pinterest yana da mai shi, haka baitin mawaƙi ko na marubuci. Karin magana da addu'o'in gargajiya na kowa ne. Idan da manhajar zane ta Canva ko makamanciyarta kike aiki, ki karanta sharuɗɗansu kan abin da aka yarda a buga a sayar. Hoton amarya ko jariri kuma kada ya hau shafinki sai da izinin masu shi, ko da ke kika yi katin.

'Yan'uwa suna son kyauta ko bashi, yaya zan yi?

Ki ware adadi tun farko, a ce biyar cikin kowane ɗari, ki ba wanda kika ga dama da zuciya ɗaya, ki lissafa shi a kuɗin talla. Idan sun ƙare sun ƙare. Ga sauran, "Anti, kuɗin maɗaba'a ne, ba nawa ba ne" magana ce ta gaskiya da ba ta ɓata zumunci.

Masu cewa in yi musu na waya kawai fa?

Ki yi musu, ki karɓi kuɗinki. Katin gayyata na hoto ko ɗan bidiyo da ake turawa a WhatsApp ya riga ya zauna, kuma ba shi da kuɗin takarda. Nakan haɗa su a ciniki ɗaya: na waya don abokai da na nesa, na takarda guda talatin ko hamsin don iyaye, surukai da manyan da ba a gayyatarsu ta waya. 'Yan'uwanmu da ke Saudiyya, Ingila ko Amurka su ma kasuwa ce: su biya daga can, ke ki rubuta saƙonsu da hannu a kati, ki haɗa da kyautar, a kai wa mahaifiyarsu har gida.

Yaya zan aika kaya wani gari ba su lalace ba?

Ki sa katunan a leda, ki matse su tsakanin kwali biyu masu tauri, ki naɗe da salatif, ki rubuta suna da lambar mai karɓa da manyan baƙaƙe a fuska biyu. Idan ta tasha za ki aika, ki ɗauki lambar direba da ta motar, ki tura wa mai kaya nan take, ki roƙi direban kada a ɗora buhu a kai. Kuɗin aike ki faɗe shi tun kafin a biya, kada ya zo daga baya. Aikin biki kuwa ya bar hannunki aƙalla mako guda kafin ranar da za a fara rabo, domin idan aka samu kuskure a suna ko mota ta kwana a hanya, a samu lokacin sake bugawa.